Shirin Neman Babban Digiri a Fannin Lissafi ga Wanda Bai Taso Cikinsa Ba



Gabatarwa

Na san ba za a rasa wanda ya ga sanarwar wannan lacca ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska, malamin Hausa da zancen lissafi? Tambayar tana bisa hanya, kuma ina da amsa biyu. Ta farko, lokacin da na tafi ƙasar waje neman digiri na uku a kimiyyar harshe, a zangon farko aka tura ni ajin mantiƙi da nazarin rukunai, alhali rabona da lissafi tun sakandare. Na yi wata biyu ina fita daga ajin nan kamar wanda aka yi wa magana da harshen da bai taɓa ji ba. Daga baya na gane cewa abin da ya faru ke nan, wani harshe ne ake yi mini, kuma yana da nahawunsa. Amsa ta biyu, akwai mutanen da kan zo mini da shawara: malamin sakandare da ya karanci koyar da kimiyya, injiniyan ma'aikatar ayyuka, akawun ofishin ƙididdiga. Kowannensu yana son ya yi digiri na biyu ko na uku a lissafi, amma ba ta wannan ƙofa ya shigo jami'a ba.

Maganar ba ƙarama ba ce gare su. Mutum ne mai iyali, zai ɗauki hutun ƙaro ilimi, ya kashe abin da ya tara, ya bar garinsu shekara biyu ko biyar. In ya shiga bai shirya ba, sai ya dawo ba digiri ba kuɗi, kuma ya ɗauka cewa kansa ne ba ya ja. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, galibi ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ke kayar da irin wannan ɗalibi ba. Abin da ke kayar da shi rashin sanin harshen hujja ne, kuma wannan harshe ana koyonsa kamar yadda ake koyon kowane harshe.

Lissafin Aiki da Lissafin Hujja

Lissafin da yawancinmu muka sani daga firamare har shekarar farko ta jami'a, lissafin aiki ne. Ana ba ka ƙa'ida, a ba ka lambobi, ka zuba su ka fitar da amsa. Injiniya da akawu da masanin tattalin arziki sukan ƙware a wannan ƙwarai. To, amma a babban digiri tambayar takan sake. Ba safai ake cewa nawa ne amsar ba. Abin da ake cewa shi ne, yaya aka yi ka san wannan ƙa'ida gaskiya ce, kuma a ina take daina aiki?

Bari in kawo misali. Akwai lambobin da ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 2 da 3 da 5 da 7 da 11. Mu kira irin wannan lamba gagara-rabo. A shekarar 1772 Leonhard Euler ya lura da wani abin mamaki, wanda za mu iya faɗinsa kamar haka: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta a kan abin da ka samu, sa'an nan ka ƙara 41. In ka fara da sifili za ka sami 41. Da 1 ka sami 43, da 2 ka sami 47, da 3 ka sami 53, da 4 ka sami 61. Dukansu gagara-rabo ne. Ka ci gaba har 39, ba wadda za ta saɓa. Mai lissafin aiki, in ya gwada abu sau arba'in ya ga ya yi daidai, sai ya sa hannu ya ce ƙa'ida ta tabbata. Amma da ka kai 40 sai ka sami 1681, wadda ita ce 41 sau 41. Misali arba'in bai zama hujja ba, misali guda kuwa ya isa ya rushe magana.

Ga kuma yadda hujja take, daga Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce gagara-rabo ba su da iyaka. Ba wanda zai iya ƙirga abin da ba shi da iyaka, to yaya za a tabbatar? A ɗauka wani ya kawo jerinsu, ya ce su ke nan, babu saura. Sai mu ninka su duka, mu ƙara ɗaya a kai. Wannan sabuwar lamba, da duk wadda ka raba ta daga cikin jerin, sai ɗaya ya yi saura. Kowace lamba kuwa da ta wuce ɗaya, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuma akwai gagara-rabon da ke raba ta. Ko ta wane hali, an sami wadda ba ta cikin jerin, watau jerin bai cika ba, kuma ba jerin da zai taɓa cika.

A nan ne sabon shiga kan yi tuntuɓe. Yakan ɗauka hujjar tana cewa sabuwar lambar lalle gagara-rabo ce. Ba ta ce haka ba. Ninka 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13, ka ƙara ɗaya, ka sami 30031, wadda ita ce 59 sau 509. Kalmar nan "ko dai" da muka saka ita ce ta tsare hujjar daga faɗuwa. Wanda ya karanta ta da garaje bai lura da wannan kalma ba, bai karanta ta ba tukuna.

Nahawun Hujja

Tun da sana'ata harshe ce, ku ba ni dama in ɗan tsaya a nan. Ku dubi waɗannan jumloli biyu: "Kowane ɗa yana da uwar da ta haife shi," da kuma "Akwai uwar da ta haifi kowane ɗa." Kusan kalmomi ɗaya ne, an dai sauya musu wuri. Ta farko gaskiya ce, ta biyu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Babban ɓangare na wahalar da ɗalibai ke sha a shekarar farko ta babban lissafi yana komawa ga wannan, watau wa ya riga wani tsakanin "kowane" da "akwai". Ta'arifin iyaka, wanda dukan kalkulas ya doru a kansa, jumla ce guda mai ɗauke da irin waɗannan kalmomi a jere, in aka musanya biyu daga cikinsu sai ma'anar ta tashi daga inda take.

Haka kuma kalmar "in". Mun ce, "In aka yi ruwa, ƙasa za ta jiƙa." Wannan bai ba mu damar cewa in ƙasa ta jiƙa an yi ruwa ba, domin mai yiwuwa tulu ne ya fashe. Abin da ya ba mu dama kawai shi ne, in ƙasa a bushe take, to ba a yi ruwa ba. A hira ta yau da kullum mukan cakuɗa waɗannan ba tare da wata ɓarna ba, domin mai sauraro yana cike giɓin da hankalinsa. A takardar lissafi ba mai cike maka giɓi. Kowace kalma tana da ma'ana guda wadda aka ƙayyade mata tun farko, kuma ba a yarda ka yi amfani da ita da wata ma'ana ba, ko da ta fi daɗin faɗi.

Wannan ya kawo ni ga wani abin da muke mantawa. Wanda ya yi karatun zaure mai zurfi ba baƙo ba ne a wannan fage. Almajirin da ya karanci mantiƙi, alal misali Sullamu na Shehu Ahalari, ya san ta'arifi da sharaɗi da natija. Wanda ya karanci rabon gado ya yi lissafin ɓangarori mai wuya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin littafin da Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, babban kaso nasa a kan matsalolin gado da wasiyya yake. Daga ƙasar nan tamu, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi mai gidaje wutiri, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi suna nazarinsa har yau. Saboda haka lauya da alƙali da malamin nahawu, duk wanda ya saba auna kalma kafin ya furta ta, yana riƙe da rabin kayan aikin.

Darasi Daga Waɗanda Suka Riga Mu

Duk inda aka ta da wannan zance sai an ambaci Ramanujan, akawun hukumar tashar jiragen ruwa ta Madaras a Indiya, wanda ya kasa gama kwaleji domin ya yi watsi da sauran darussa, ya aika wa G. H. Hardy na Kambirij wasiƙa a watan Janairu na 1913, aka kira shi Ingila a 1914. Labarin yana da daɗi, amma ina jan kunnenku da kada ku ɗauke shi abin koyi. Irin baiwarsa ba a cika samu ba. Daɗin daɗawa, littafin da ya koyi lissafi daga cikinsa tarin dubban sakamako ne kusan ba hujja, saboda haka ya tashi da ƙarancin sanin yadda ake kafa ta, har wasu daga cikin maganganunsa a kan gagara-rabo suka zamo kuskure. Sai da Hardy ya zauna da shi a kan wannan. In har shi ma ya bukaci malami, ina ga ni da kai?

Wanda labarinsa ya fi kusa da bukatarmu shi ne June Huh, wanda aka haifa a 1983 ya tashi a Koriya ta Kudu. Ya bar makarantar sakandare domin yana son ya zama marubucin waƙa. Daga baya ya shiga Jami'ar Ƙasa ta Seoul ya karanci fiziks da ilimin taurari, sakamakonsa bai yi kyau ba, ya shafe shekara shida kafin ya gama. A shekararsa ta ƙarshe ya shiga ajin wani baƙon shaihin malami daga Japan, Heisuke Hironaka, wanda ya ci lambar Fields a 1970. Ajin ya fara da ɗalibai masu yawa, suka yi ta zarewa saboda wuya, Huh ya daure. Ya zauna ya yi digiri na biyu a lissafi a nan Seoul a ƙarƙashin kulawarsa. Da ya nemi gurbin digiri na uku a jami'o'in Amurka kimanin goma sha biyu, duk da takardar shaidar Hironaka, guda ɗaya ce ta karɓe shi, watau Jami'ar Illinois, a 2009. Yana ɗalibi a can ya warware wata matsala da Ronald Read ya ɗora tun 1968. Ya koma Jami'ar Mishigan ya gama a 2014, kuma a 2022 shi ma aka ba shi lambar Fields, wadda ake bayarwa bayan kowace shekara huɗu ga masu lissafi 'yan ƙasa da shekara arba'in.

Ku lura da abin da ke cikin wannan labari. Bai yi tsalle daga fiziks zuwa digiri na uku ba, sai da ya bi ta digiri na biyu. Ya sami malamin da ya san shi ciki da waje. Kuma tsohon sakamakonsa ya bi shi har ƙofa goma sha ɗaya suka rufe, da ƙofa ɗaya ya ƙwanƙwasa da mai yiwuwa ba mu ji sunansa ba.

Masu cewa shekaru sun ja, su tuna gemu ba ya hana ilimi. Joan Birman ta Amurka ta yi aiki a masana'antu, ta reni 'ya'ya uku, ta koma karatu, ta sami digiri na uku a 1968 tana da shekara arba'in da ɗaya, ta kuma zama jigo a nazarin lissafin kitso da ƙulli. Masu cewa ba su da halin zama a aji kuma, su tuna Chike Obi, wanda ya yi digirinsa na farko da na biyu na Jami'ar Landan daga gida a matsayin ɗalibin waje, kafin ya tafi Kambirij ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami digiri na uku a lissafi a 1950.

Abin da Za a Karanta, da Yadda Za a Jera Shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarata ga ma'aikaci ita ce ya ware wa wannan shiri kamar shekara biyu, awa biyu kowace rana, kafin ya cike takardar neman gurbi ko ya nemi hutu.

Wata uku ko huɗu na farko, a ba su ga nahawun da na ambata: mantiƙi, da nazarin rukunai, da hanyoyin kafa hujja, kamar hujja ta kai tsaye, da hujja ta hanyar ɗaukar akasi a nuna ya kai ga warwara, irin wadda muka gani ta Uƙlidis, da hujja ta bi-da-bi, inda ake nuna magana ta tabbata ga lamba ta farko, kuma in ta tabbata ga wata lamba to ta tabbata ga mai bi mata. Ƙaramin littafin da George Pólya ya fitar a 1945 a kan warware matsala yana da amfani a wannan mataki.

Bayan haka sai ginshiƙai uku da kowane sashen lissafi ke sa ran ɗalibi ya zo da su. Na farko aljabarar liniya, wadda injiniya ya sani ta fuskar jadawalin lambobi, amma yanzu zai sake koyonta ta fuskar ta'arifi da hujja. Da ita ya kamata a fara, domin ita ce ta fi sauƙin haɗa abin da aka saba da abin da ba a saba ba. Na biyu tahlili, watau binciken tushen kalkulas: mene ne iyaka, mene ne ci gaba ba yankewa, me ya sa ƙa'idojin da aka haddace suke aiki. Littafin Walter Rudin na 1953 shi ne ya shahara a nan, amma a taƙaice yake ƙwarai, gara a fara da mai sauƙi a dawo gare shi. Na uku aljabara ta zalla, inda ake barin lambobi a dubi tsarin da ke ƙarƙashinsu. In lokaci ya rage, sai a taɓa tofoloji da tahlilin lambobi masu sarƙaƙiya.

Yadda ake karatun ya fi jerin littattafan muhimmanci. Littafin lissafi ba a karanta shi a kishingiɗe. Ka karanta ƙa'ida, ka rufe littafin, ka gwada kafa hujjarta da kanka, in ka gaza ka leƙa layi ɗaya ka sake rufewa. Shafi biyu a rana ba jinkiri ba ne. Tun farkon shekarun 2000 manyan jami'o'i irin su MIT suke saka darussansu kyauta a intanet, kuma wannan alheri ne babba, sai dai yana da tarko. Mutum yakan kalli lacca ya ji ya gane sarai, a ba shi farar takarda ya kasa rubuta layi uku. Kallon kokawa bai taɓa mai da kowa ɗan kokawa ba. Ma'aunin ganewa shi ne aikin da ke ƙarshen babi.

Malami da Shaida

Akwai abu guda da mai karatu shi kaɗai ba zai iya yi wa kansa ba, shi ne ganin ramin da ke cikin hujjarsa. In amsar lissafin aiki ta kuskure, bayan littafi zai nuna maka. Hujja kuwa tana iya zama rusasshiya alhali mai ita yana ganinta daram. Saboda haka tilas ne a sami wanda zai karanta abin da ka rubuta da jan biro. Je ka sashen lissafi mafi kusa da kai, ka nemi izinin zama a aji ɗaya ko biyu na 'yan shekara ta uku, ka yi aikin da aka ba su, ka roƙi malamin ya duba naka. Matambayi ba ya ɓata.

Wannan zai ba ka abu na biyu, watau shaida. Kwamitin ɗaukar ɗalibai ba ya ganin zuciyarka, takarda yake gani. In ka rubuta cewa ka karanta littafi kaza a ɗakinka, ba su da hanyar tabbatarwa. Abin da suke iya aunawa shi ne sakamakon jarrabawa da wasiƙar masanin lissafi wanda ya ga aikinka da idonsa. Wasiƙar babban sakatare ko daraktanka, komai girmansa, ba ta tsaya a madadin wannan ba.

Hanyoyin samun wannan shaida suna nan. A galibin jami'o'inmu, wanda digirinsa na farko ba na lissafi ba ne, ko mai babbar difloma, akan nemi ya fara yin diflomar gaba da digiri kafin a ba shi gurbin digiri na biyu. Kada a ɗauki wannan ƙasƙanci, gada ce. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a Abuja a 1988 domin bunƙasa bincike da horarwa. Akwai cibiyar AIMS, wadda aka buɗe kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu a 2003, daga baya aka yi mata rassa a Sanigal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar waɗanda suka karanci lissafi ko kimiyya ko injiniyanci, ta ɗauki nauyinsu har su gama digiri na biyu. Akwai kuma cibiyar ICTP ta birnin Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, mai shirin difloma na shekara guda domin shirya ɗaliban ƙasashe masu tasowa su shiga digiri na uku. Kowace tana da sharuɗɗanta, kuma sukan sauya, sai a rubuta musu a tambaya tun da wuri. In lokacin nema ya yi, a nemi wurare da yawa, manya da matsakaita.

A takardar bayanin kai, kada ka ɓoye inda ka fito, kada kuma ka cika ta da labarin yadda kake ƙaunar lissafi tun kana yaro. Faɗi abin da ka karanta, da wanda ya duba ka, da matsalar da ta ja hankalinka. In daga wurin aikinka ta fito, kamar lissafin yaɗuwar cuta ko gudun ruwa a madatsa, to wannan riba ce da ɗan shekara ashirin da biyu ba shi da ita.

Kammalawa

Jama'a, ba zan ce muku kowa zai kai ba, domin ba gaskiya ba ne. Amma akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Kafin ka faɗa wa mai ɗakinka ko maigidanki cewa za a bar aiki, ɗauki littafin koyon hujja, ka ba shi wata uku, ka yi ayyukan ƙarshen babi a rubuce, ka kai wa masani ya duba. In ka ga kana iya kwana uku a kan matsala guda, ranka yana ɓaci amma ba ka son ka ajiye ta, to ka ci gaba zuwa ginshiƙan nan uku. In kuwa ka ga ba ka ɗanɗana komai a ciki sai azaba, ka gode wa Allah da ya nuna maka a wata uku abin da wasu sai sun yi asarar shekara uku suke ganewa, kuma akwai fannonin ƙididdiga da kwamfuta da lissafin aiki waɗanda ƙasar nan take matuƙar bukata.

Ga malamai 'yan'uwana na sashen lissafi kuma ina da roƙo. In irin wannan mutum ya ƙwanƙwasa ƙofarku da takardunsa a hannu, ku karanta kafin ku tambaye shi abin da ya karanta a digirinsa na farko.